Gwangwanin Alewa a Akwatin Babanku

Ranar da kuka buɗe akwatin babanku bayan sadakar arba'in, ina zaune a bakin gado ina kallonku. Na ga lokacin da Auta ya ɗauko gwangwanin alewar nan mai tsatsa, ya buɗe, ya leƙa, ya yi wuf ya rufe ya tura shi ƙarƙashin jallabiyoyi kamar wanda ya taɓa garwashi. Na ga Ummi ta harare shi, shi kuma ya ɗaga mata gira. Wai ku a dole ban gani ba. Ni da na haife ku! Tun ranar babu wanda ya tayar mini da maganar, kuna ta rufa wa mamaci asiri. Allah ya yi muku albarka, amma babu wani asiri da za ku rufa. Gwangwanin nan nawa ne, matan da ke ciki ma nawa ne. Sunan nan kuma da kuka taso kuka ji tsofaffin garinmu suna kiransa da shi, Alhaji Mai Kati, a dalilina ya same shi. To, ku gyara zama.

A shekarun da man fetur ya yi daraja, kuɗi suka ɓarke a Saudiyya, babanku yana tuƙa tifa a Riyad wajen wani ɗan kwangila da ake kira Abu Salih. Shi ne kafilinsa, wato wanda takardar zamansa take hannunsa. In ya ce zauna ya zauna, in ya ce tafi sai jirgi. Da abin ya ɗan kankama sai ya aiko aka kai ni. Ya kama mana ɗaki a wani gidan ƙasa a unguwar Jaradiya, taga ɗaya ce a can sama, ko na taka turmi ba zan ga titi ba. Ku tuna daga inda na fito. Gidan Baba Liman ne, gidan da ko cokali ya faɗi sai mutum biyar sun yi sharhi, tun asuba ana daka ana tsegumi ana dukan yara. Sai ga ni a ɗaki ni kaɗai, Malam ya fita da duku-duku, ba zai dawo ba sai bayan isha, kansa da gemunsa fari fat da siminti. Garin kuwa ko'ina rusau ake ana gini, ƙarar katafila ce kawai take yi mini sallama. Wallahi har buta na riƙa yi wa magana. Na rame, na yi baƙi, kullum idona a kumbure.

Wani mutumin garinmu zai koma gida, na ba shi saƙon baki, na ce ya gaya wa Baba lafiyata ƙalau, mijina bai rage ni da komai ba, amma ƙasar ba ta karɓe ni ba. Amsa ta dawo cewa Kawu Bala, ƙanin Baba, zai zo aikin Hajji a shekarar, in har lokacin ban saki jiki ba zai taho da ni. Na gaya wa babanku ina sunkuyar da kai. Ya daɗe yana juya kofin shayi.

"Rabi, ni ban ɗaure ki ba," ya ce. "In Kawu ya zo kika ce tafiya, da hannuna zan ɗaure miki kaya. Amma dai ba zan so ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Kun san babanku, magana a wurinsa kamar da kuɗi yake saye. Ni kuwa na riga na gama shawara, har na fara ware kayan da zan tafi da su.

Ana nan, sai aka zo rushe wani layin tsofaffin kantuna a Batha, kasuwar da duk baƙin garin suke haɗuwa. Akwai wani tsoho mutumin Yaman a layin, wanda ya yi kasuwanci a birnin Adan na ƙasarsu tun yana saurayi. Babanku ya kwashe masa kayansa a tifa, tsohon ya ji daɗi ya ba shi wani keken ɗinki na hannu, baƙi, mai murfin katako. Babanku ya shigo da shi a kafaɗa yana haki, ya dire a gabana ya ce ai ya tuna na koyi ɗinki wajen gwaggona, ko zai rage mini zaman shiru. Ban ko yi godiyar kirki ba. Sai washegari da na rasa abin yi na ɗaga murfin zan goge ƙura, na tarar da gwangwanin alewa an cusa shi a gefe. Na ce kai, yau baki zai motsa. Ina buɗewa na ga babu alewa, sai wasu 'yan katuna jere tsaf, kowanne bai fi faɗin yatsa uku ba, suna wani wari-wari na tsohon abu. Na zaro ɗaya. Mace ce, Baturiya, kai ba ɗankwali, tana kallona tana murmushi. Na yi salati na yar. Can kuma na ɗauka. Na zaro wani, wata ce daban. Kafin la'asar na shimfiɗa su duka a kan tabarma, ɗakin da babu kowa ya cika da mata.

Ban iya karatun boko ba a lokacin, rubutun da ke bayansu bai ce mini komai ba, don haka na raɗa musu suna da kaina. Akwai Mai Jimina, wadda ta soka wani dogon gashin tsuntsu a hula. Akwai Mai Lu'ulu'u, ta naɗa fararen duwatsu a wuya har zagaye uku. Akwai Gimbiya, mai wani ƙarfe mai ƙyalli a goshi. Akwai Sarauniyar Fure, akwai Mai Mafici, akwai wata 'yar lukuta da na sa wa Ladi saboda ta yi kama da Ladin gidanmu in an ɓata mata rai. Da na ji ƙarar tifa sai in tattara su in mayar cikin keke. Ba tsoron babanku nake ba, kunya ce: a ce 'yar liman tana hira da hotunan matan da ba su rufe kai ba.

Mutum ɗaya na nuna wa, Inna Dije, maƙwabciyarmu. Tsohuwa ce Bahaushiya da ta zo ƙasar tun tana goyon fari, ta Sudan, rabin hanyar a ƙafa. Ƙosai take soyawa da safe, in kuma ana biki a gidajen Larabawa ita ake kira ta yi lalle. Bakinta kuwa, Allah ya jiƙanta, reza. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta riƙa ɗaukar katunan tana kai su nesa da ido.

"Lallai tsohon nan bai yi zaman banza ba a Adan," ta ce. "Iyalinsa ne."

"Inna, duka? Ai sun fi ƙarfin mata huɗu."

"Ke yarinya ce. Akwai 'ya'ya, akwai surukai, akwai waɗanda aka saka. Kawo waccan."

Daga nan ta shiga karanta mini su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ado magana ne, mace ba ta sa abu a jiki a banza, wanda ya iya ji zai ji. Mai Lu'ulu'u uwargida ce, zagaye uku haihuwa uku. Gimbiya amarya ce, shi ya sa take kallon gefe. Mai Jimina kuwa ta ce a yi hankali da ita, macen da ta ɗora tsuntsu a ka ba ta jin maganar miji. Da muka zo kan wata mai baƙar riga, babu 'yan kunne, babu sarƙa, wuya fayau, sai Inna ta girgiza kai.

"Allah sarki, wannan takaba take. Kin ga ko kwalli ba ta sa sosai ba. Allah ya jiƙan mijinta."

Na ce amin. Mu biyu muka zauna muna jajanta wa hoto, har Inna ta share ƙwalla da gefen mayafi.

Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne wuyan rigunansu da hannayen. Wani an tattare shi, wani an yi masa kunne kamar ganyen kabewa, wani an jera masa maɓallai har kafaɗa. Na sa babanku ya sayo mini yankin atamfa a Batha, na zauna na kwaikwayi wuyan rigar Sarauniyar Fure na ɗinka wa Inna. Ta sa ta tafi yin lalle gidan Abu Salih, tana cire abaya matan gidan suka yi mata caa. A lokacin mujallun ɗinki da ke shigowa ƙasar duk sai an bi su da baƙin alƙalami an shafe wuya da hannu, wato daidai wurin da tela yake nema. Inna ta dawo tana taku ɗai-ɗai, ta ce uwargidan Abu Salih tana son riga wa 'yarta Hissa, za ta sa a bikin wanta. Ta tafi da katuna uku a ƙulle a bakin zane, yarinyar ta zaɓi Mai Lu'ulu'u, aka aiko da wani yadi mai sulɓi ruwan zuma wanda ko taɓa irinsa ban taɓa yi ba.

Sai da na shimfiɗa yadin na ɗauki almakashi sannan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Hoton a ƙugu ya tsaya. Dukansu haka suke, daga ƙugu zuwa ƙasa babu. Na ruga wajen Inna na ce mun shiga uku, me Mai Lu'ulu'u ta sa a ƙasa? Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa mutum.

"Zane mana. Uwargida guda da 'ya'ya uku, tsirara za ta zauna?"

Haka na yi. Sama na Turawa, ƙasa kuwa na ɗinka shi ya naɗo kamar ɗaurin zane, shafi ɗaya ya hau kan ɗaya, ya sauka har idon sawu. An ce da Hissa ta gani sai da ta turo baki, ita buɗaɗɗen siket take so irin na matan Masar. Uwarta kuwa ta ce wannan ita ce rigar 'yar mutunci. Aka yi biki, mata suka yi ta tambayar wace ƙasa ake wannan yayi, Inna ta ce musu Landan, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Daga ranar keken nan bai huta ba. Matan unguwa, Hausawa da 'yan Sudan da Larabawa, suka riƙa leƙowa, ɗakina ya koma dandali. Na yi ƙiba. Buta ta koma aikinta na buta. Amma maganar tafiya ban janye ba, don na riga na furta, kuma har ga Allah ina kewar gida.

Asirina ya tonu ne wata Juma'a da babanku yake gida. Na manta da Mai Jimina a kan keke. Na shigo da kwanon tuwo na tarar da shi riƙe da ita, ya juya bayan katin yana haɗa baƙaƙen da kyar, don ya ɗan taɓa boko. Na dire kwano na fara rantse-rantse, na ce iyalin tsohon nan ne, mun ma yi niyyar mayar masa. Ya dube ni, ya dubi katin, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Tunda aka kawo ni Riyad ban ga ya yi dariya irin ta ranar ba, har da tari. Dariyar ce ta jawo Inna Dije, ta yi sallama ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, ba iyalin kowa ba ne," ya ce yana share ido. "'Yan wasan silima ne na zamanin da. Katin sigari ne. Da can a cikin kowane kwali ake saka ɗaya, don kwalin ya yi ƙarfi, kuma don mutum ya yi ta saye yana neman wadda bai samu ba."

"To duwatsun wuyan fa?" na ce. "Ba haihuwa uku ba ce?"

"Ƙila ma ba nata ba ne, ara mata aka yi a ɗauki hoto. So ake talaka ya gani ya ji kamar in ya kunna karan nan ya zauna cikin masu hali. Mai gashin tsuntsun kuma don samari ne masu son a ce sun waye. Kowace da irin mutumin da aka ɗana wa ita."

"Mai takabar fa?" Inna ta tambaya a hankali.

"Babu wanda ya mutu, Inna."

Ni abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ashe ƙawayena koto ne a bakin ƙugiya. Inna kuwa ta yi tsaki, ta ce a mayar mata da addu'arta. Can kuma ta gyara mayafi ta ce:

"To mene ne abin mamaki? 'Yan talla ne. Ke da kika taso gidan liman ba ki yi talla ba, ni na yi. Uwata ba ta taɓa ɗora mini farantin goro ba sai ta sa mini kwalli da jigida da 'yan kunnen yayata. Goron kowa iri ɗaya ne, adon ake saye. Su dai tsiyarsu abin da suka ɗauko ne ba na kirki ba."

Da ta fita sai fuskar babanku ta canja. Ya ce in saurara da kyau. A garin nan sigari abin kunya ne, hoton mace ba lulluɓi ya fi shi, ga shi na haɗa biyun a gwangwani ɗaya, mata kuma suna shige da fice a ɗakin. Baki ɗaya ya isa ya kai maganar kunnen 'yan hisbar garin, masu sandar nan da ke kora mutane salla, ko kunnen Abu Salih. Ya ce abin da hankali zai ba mutum shi ne a sa musu ashana. Na ji hawaye ya cika mini ido. Na ce Malam, watannin da ba ni da kowa su ne suka zauna da ni. Ya tattara katunan da kansa, har yana daidaita gefensu, ya rufe gwangwanin. Ina jira ya nemi ashana, sai na ga ya jawo akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya sa shi a ciki ya kulle.

"In za ki duba wuyan riga, ga makulli a ƙarƙashin dadduma. Ki duba ke kaɗai, ki mayar. In an gani, a akwatina aka gani."

Bayan Hajji babanku ya nemi izini ya je ya ɗauko Kawu Bala. Ku ba ku san Kawu da ƙarfinsa ba. Dogo ne, mai faɗa, kuma duk duniya babu abin da yake so kamar zaƙi; sukari yake zubawa a shayi har cokali ya tsaya. Ya ga na yi ɓulɓul ya yi mamaki, amma ya ce shi umarnin yayansa ya zo cikawa, in faɗi abin da na zaɓa kafin jibi. Ranar da zai koma, babanku ya buɗe akwati yana fito da tsarabar da ya tanada wa mutanen gida, dabino da carbi da turare da jallabiyar Baba. Ni ina tsugune ina zuba shayi. Idon Kawu ya sauka kan gwangwanin alewa.

"A'a, Sani, abin daɗin kake ɓoyewa?"

Kafin wani ya motsa ya miƙa dogon hannun nan ya ɗauka. Murfin ya cije, ya sa ƙarfi, ya fincike. Jama'a! Mata suka yi tsalle suka watsu a ɗakin, Gimbiya a cinyarsa, Ladi cikin kwanon dabino, Mai Jimina kuwa, da yake dama ba ta jin magana, ta sauka daidai kan sabuwar hularsa ta Makka da ya ajiye a gefe. Kawu ya ɗauki ɗaya, ya shinshina, don shi tsohon ɗan kasuwa ne, ya san warin taba. Ya yi salati ya sanar da Ubangiji.

"Na wane ne wannan?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Babanku ya yi gyaran murya mai ƙarfi ya riga ni.

"Nawa ne, Kawu. A akwatina ka gani."

Kawu ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce an ba shi 'yar malamai ya kawo ta ƙasa mai tsarki yana tara hotunan matan Nasara yana busa hayaƙi. Babanku ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri, mutumin da ko goro bai cika ci ba. Sannan Kawu ya juyo kaina.

"Rabi, tashi ki ɗaure kayanki. Dama kin ce ƙasar ba ta karɓe ki ba, yanzu na ga dalili."

Ga ƙofa a buɗe, ga abin da na yi wata da watanni ina kuka a kai. Na tuna tsakar gidanmu da ƙarar taɓarya da muryar Inna mahaifiyata. Na dubi babanku yana durƙushe yana tsince katunan ɗaya-ɗaya, yana hure wa Ladi ƙurar dabino. Ban taɓa yi wa Kawu musu ba a rayuwata sai ranar.

"Kawu, ka gaida su Baba. Ka ce ƙasar ta karɓe ni."

Ya tafi da fushi, ko da yake bai bar dabinon ba. Kafin mu je gida hutu labari ya gama gari, har an ƙara masa gishiri, wai akwati guda ne cike da hotuna. Baba ya yi shekara biyu ba ya sakar wa babanku fuska. Mahaifiyata kuwa ban sake ganinta ba sai a zuwan nan, tana ciwonta na ƙarshe. Wannan shi ne kuɗin zaman da na zaɓa, kuma har yau in na tuna sai na ji shi a ƙirji. Sau da yawa na ce zan je in faɗi gaskiya, babanku ya hana. Ya ce namiji in an yi masa suna dariya za a yi a wuce, 'yar liman kuwa in aka yi mata, har 'ya'yanta sai sun gada. Abokansa su ce Alhaji Mai Kati, ya ce na'am, har ya ɗaga musu hannu. Daga baya na sami littattafan ɗinki na gaske, na daina buɗe gwangwanin, na ce masa ya yar. Ya ce a'a, ai waɗannan su ne suka yi masa biko.

Saboda haka, Auta, je ka ciro shi daga ƙarƙashin jallabiyoyin nan ka kawo mini. Akwatin ku raba yadda shari'a ta ce. Gwangwanin ba ya cikin gado, ajiya na ba shi.